Yawan wasanni da jikin ɗan ƙwallo: raki ne ko gaskiya suke faɗa?

Mai Gyaran Firji, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun watan Yuli na 2025, lokacin da Al Hilal ta janye daga gasar Super Cup ta Saudiyya da aka buga a Hong Kong a watan Agusta, tana cewa 'yan wasanta ba su gama hutawa daga Kofin Duniya na Ƙungiyoyi ba. Na zauna na ƙirga kwanakin da kaina. Wasansu na ƙarshe a Amurka shi ne wanda Fluminense ta fitar da su da ci 2-1 ranar 4 ga Yuli, gasar Hong Kong kuwa ta fara ranar 19 ga Agusta, kwana 46 ke nan a tsakani. Ni kwana shida nake yi a mako ina hawa rufin bene da injin sanyaya ɗaki a kafaɗa, a cikin gumin Jidda da kowa ya sani, kuma hutuna na shekara kwana 21 ne, kamar yadda dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta tanadar wa wanda bai cika shekara biyar a wurin aikinsa ba. Da gaske nake tambaya: mutumin da aikinsa minti 90 ne sau biyu a mako, ga likitoci, ga abinci mai kyau, ga albashin da ba zan tara ba ko zan shekara ɗari, wace gajiya ce yake kuka da ita?

Mai Gashin Ƙashi, Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, kuma ba zan ce aikinka ya fi nasu sauƙi ba, domin masu irin sana'arka su ne suka fi zuwa wurina da ciwon baya da na kafaɗa. Sai dai gajiyar iri biyu ce. Ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma ba tsawon tafiyar ne ke cin jikinsa ba. Abin da ke cinsa shi ne ya fizga a guje da iyakar ƙarfinsa, ya taka birki nan take, ya juya, ya yi tsalle, ya dira a ƙafa ɗaya, ya kuma maimaita wannan sau da yawa har a tashi. Duk lokacin da ya taka birkin nan, tsokar bayan cinya tana miƙewa ne alhali tana ɗauke da nauyi, sai ƙananan zarurrukan cikinta su riƙa tsagewa, tsagewar da ido ba ya gani. Ga kuma abincin da tsoka ke ajiyewa don aiki, wanda yake kusan ƙarewa a ƙarshen wasa. Gyaran wannan ɓarna da mayar da ajiyar yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci ma ya wuce, kuma babu kuɗin da ke sa tsoka ta gaggauta ɗinke kanta.

Akwai binciken da Gregory Dupont da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, bayan sun bi 'yan wasa 32 na wata ƙungiya mai buga gasar Zakarun Turai har kaka biyu. Sun gano cewa idan ɗan wasa ya buga sau biyu a mako, gudun da yake yi a fili bai ragu ba, amma yawan raunin da ake samu ya ninka kusan sau shida idan aka kwatanta da makon da aka buga wasa ɗaya. A nan ne mu 'yan kallo muke ruɗuwa. Muna ganin mutum yana gudu ranar Laraba kamar yadda ya yi ranar Asabar, sai mu ce ai lafiyarsa lau, alhali jikin bashi yake ci, kuma ranar biya ita ce ranar da za ka ga ya dafe bayan cinya ya zauna a ƙasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Dattijon Shara Mansur, Makka:
Likita, Allah ya yi maka albarka, na ji bayaninka. Amma ni na girme ku, kuma na ga ƙwallo tun ana jin ta a rediyo. A Ingila, a mafi yawan shekarun da suka gabaci 1995, ƙungiya 22 ce a babban rukuni, wasa 42 ke nan a kaka ban da kofuna, a filaye masu taɓo, kuma an daɗe ana canjin mutum ɗaya tak a wasa. Yau ana canza biyar. Majid Abdullah ya yi wa Al Nasr wasa sama da shekara ashirin a cikin zafin Riyad, ba mu taɓa jin ya ce zai yi yajin aiki ba. Ina jin tsoron kada ya zama yaran yanzu an shagwaɓa su ne kawai.

Mai Gashin Ƙashi, Riyad:
Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne na da sun buga wasanni da yawa, amma saurin wasan ya canza ƙwarai. An auna gasar Firimiya daga kakar 2006/07 zuwa ta 2012/13, aka ga a cikin kaka bakwai kacal gudun ƙarfi da 'yan wasa ke yi ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma tun daga lokacin salon matsa wa abokin hamayya tun daga bakin ragarsa ƙara yaɗuwa ya yi. Binciken raunuka na hukumar UEFA, wanda Farfesa Jan Ekstrand ke jagoranta tun 2001, ya nuna cewa raunin tsokar bayan cinya ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari na dukkan raunuka zuwa kashi 24 a cikin kaka 21. Sannan Baba, da yawa daga cikin na da ɗin ba a tambaye su ba ne, allurar kashe zafi ake yi musu su shiga fili, su tsufa suna ɗingishi.

Malamar Makaranta, Madina:
Ina neman izinin shiga, domin 'ya'yana maza uku sun mayar da gidana majalisar ƙwallo, har na zama ina bin labarin fiye da su. Abin da nake so Baba ya duba shi ne yadda ake ta cusa sababbin wasanni a cikin shekarar da ba ta ƙaru da ko kwana ɗaya ba. Daga kakar 2024/25 gasar Zakarun Turai ta koma ƙungiya 36, kowacce tana buga wasa takwas a matakin farko maimakon shida, har da watan Janairu wanda a da babu ita a cikinsa. Kofin Duniya na Ƙungiyoyi ya koma ƙungiya 32, aka buga shi daga tsakiyar Yuni zuwa 13 ga Yuli, wato daidai lokacin da aka saba hutu. Chelsea ta ci kofin ranar 13 ga Yuli, ta koma Firimiya ranar 17 ga Agusta, PSG da ta sha kashi a hannunta kuwa ta buga Super Cup na Turai tun 13 ga Agusta. Kofin Duniya na 2026 ƙasa 48 ne, wasa 104, maimakon 64 da muka gani a Ƙatar.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Pedri. Yana ɗan shekara 18 ya buga wasa 73 a kakar 2020/21, ya gama da Barcelona ya wuce gasar ƙasashen Turai da tawagar Sifaniya, daga can ya wuce Olamfik a Tokyo, kakar da ta biyo baya kuwa ya shafe mafi yawanta yana jinyar cinya. Ɗana na fari sa'ansa ne, kuma na san ɗan shekara 18 ba ya cewa ya gaji idan manya sun ce ana bukatarsa. Sai kuma Rodri na Manchester City, wanda a watan Satumba na 2024 ya fito ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki, ya ce wasa 40 zuwa 50 ne mutum zai iya bugawa a kaka yana kan ganiyarsa. Ba a yi mako guda ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasansu da Arsenal, har ya karɓi kyautar Ballon d'Or yana dogara sanduna.

Ɗalibin Jami'a, Madina:
Hajiya, ki yi mini afuwa, ina da gyara a kan misalin Rodri. A farkon waccan kakar an ba shi hutu mai tsawo bayan ya ji ciwo a wasan ƙarshe na gasar Turai, kuma wasan Arsenal ɗin shi ne na farko da aka fara da shi a Firimiya a kakar. Haka Neymar, wasa kaɗan ya buga wa Al Hilal kafin gwiwarsa ta tsinke a wasan Brazil da Uruguay a watan Oktoba na 2023. Idan muka ɗora kowane rauni a kan yawan wasanni, masu kare FIFA za su sami ƙofar ƙaryata mu gaba ɗaya.

Mai Gashin Ƙashi, Riyad:
Ƙanena ya faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin wannan gyara. Babu likitan da zai rantse cewa gajiya ce ta tsinka gwiwar mutum ɗaya a rana ɗaya, domin jijiyar gwiwa tana iya tsinkewa ko da mutum ya huta wata guda, idan ƙafarsa ta kafe a ciyawa jikinsa ya juya. Hujjar da ta fi ƙarfi tana kan raunin tsoka ne, kuma ana ganin ta idan aka tara ɗaruruwan 'yan wasa aka kwatanta waɗanda suka sami kwana huɗu ko ƙasa da haka tsakanin wasanni da waɗanda suka sami shida ko fiye.

Direba, Jidda:
Ni a kan tafiya da barci zan yi magana, tunda su ne sana'ata. Mu da muke nan muna ganin ɗan wasan Afirka yana ɗaukar kaya biyu. Ku duba William Troost-Ekong da ya zo Al Khulud a yankin Ƙasim a 2024. Ya gama wasan lig a nan, ya bi jirgi yana canzawa har Uyo, ya buga wa Najeriya, ya sake bin wani jirgin zuwa wasan waje, ya dawo ana jiransa a atisaye. A watan Oktoba na 2024 shi ne kyaftin lokacin da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin jirgin Al Abraƙ a Libiya, suka kwana a kan kujeru, har suka ƙi buga wasan. Shi ɗin ne kuma ya buga Kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024 da ciwo a cinya, ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe, aka zaɓe shi gwarzon gasar, daga baya sai da aka yi masa tiyata. Mun yi ta yabonsa a zauren nan, amma ban tuna wani daga cikinmu ya tambayi me ya rage a ƙafar ba.

Abin ya taɓa faruwa da ni daidai gwargwadona. Wata Alhamis na kai masu ziyara Madina na juyo a daren, sama da kilomita 400 kowace tafiya, na iso gida dab da asuba. Da la'asar ɗin Juma'a na fita wasanmu na unguwa, domin mun rasa mutum ɗaya kuma na ji kunyar cewa a'a. Ban yi minti ashirin ba aka jefo mini ƙwallo a gaba, na fizga, sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinya, har na waiwaya ina neman wanda ya jefe ni, babu kowa kusa. Kwana biyu bayan nan wurin ya yi baƙi tun daga cinya har bayan gwiwa. Mako biyar ban iya taka birkin mota yadda ya kamata ba, kuma wanda nake yi wa aiki ya yanke mini kuɗin kwanakin. Da safen ranar nan da za ka tambaye ni, da na ce maka garau nake.

Ɗan Maiurno, Jidda:
'Yan uwa, ku bar ni in kawo gefenmu na Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, Hilal da Marrikh na Omdurman suka rasa gida, har ta kai su ga buga kakar 2024/25 a gasar ƙasar Muritaniya, a can ƙarshen yammacin nahiya. Daga Nuwakshot Hilal ta riƙa tashi zuwa wasanninta na Zakarun Afirka har ta kai zagayen 'yan takwas, inda Al Ahli ta Masar ta fitar da ita. Da yawa daga cikin waɗannan yaran su ne kuma ke buga wa ƙasa a ƙarƙashin koci Kwesi Appiah, suka sami gurbin Kofin Afirka na Maroko a gaban Ghana, ba tare da sun buga wasa ko ɗaya a ƙasarsu ba. Watanni suke yi daga otal zuwa otal, iyalansu a warwatse a Masar da nan Saudiyya da sansanonin gudun hijira. Idan ana maganar nauyin da ke kan ɗan wasa, sunayen 'yan Turai kawai ake kira, saboda su ke da ƙungiyar ƙwadago mai lauyoyi. Akwai kuma dubbai a ƙasashenmu da matsalarsu ita ce rashin wasa da rashin albashi, waɗanda idan gwiwa ta tsinke, sana'ar ta ƙare ke nan, babu mai biyan kuɗin tiyata.

Mai Gyaran Firji, Jidda:
Na karanta duka, kuma labarin Direba ya fi shiga raina, domin ni ma kafaɗata ba ranar da na ɗauki kaya mafi nauyi ta kama ni ba, a ƙarshen wata bazara ce da na yi wata biyu ban huta Juma'a ba. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Kowace babbar ƙungiya tana da 'yan wasa sama da ashirin. Me ya hana koci ya hutar da wanda ya gaji? Kuma idan suna son a rage wasanni, sun yarda a rage musu albashi?

Malamar Makaranta, Madina:
Malam, kocin da ya ajiye gwaninsa a benci aka ci shi sau biyu a jere, mu ɗin nan ne za mu fara kiran a kore shi. Shi ma ɗan wasan yana tsoron wanda zai maye gurbinsa ya yi kyau a manta da shi. Kocin ƙasa kuma kwana goma yake da shi, ba ruwansa da abin da zai faru da ƙafar bayan ta koma ƙungiya. Kowa yana cin rabonsa a jiki ɗaya, babu wanda aka ɗora wa alhakin lissafin duka.

Maganar kuɗi kuwa ta shafe mu, kuma ba zan cire gidana ba. Super Cup na Sifaniya a da ƙungiya biyu ke buga shi a gida, aka mayar da shi na ƙungiya huɗu aka kawo shi nan ƙasar tun 2020. A watan Janairu na 2025 da Barcelona ta ci Real Madrid 5-2 a filin Jauhara na Jidda, 'ya'yana biyu suna ciki, ni na taimaka musu da kuɗin tikiti, sun dawo Madina muryarsu a dishe don murna. Kofin Duniya na Ƙungiyoyi kuwa dala biliyan ɗaya aka raba a cikinsa. Daren da Al Hilal ta ci Manchester City 4-3 bayan ƙarin lokaci, har mu da ba magoya bayanta ba mun hana idonmu barci. Muddin muna cika fili muna biyan kuɗin tashoshi, masu shirya gasa ba su da dalilin ragewa.

Dattijon Shara Mansur, Makka:
Hajiya, wannan magana taki na karɓe ta. Ban sauka daga ra'ayina cewa na da sun fi juriya ba, amma na yarda a da akan yi wata biyu ko uku babu ƙwallo, har mutum ya yi kewarta. Yanzu jikokina ba su san akwai lokacin da ake rufe kaka ba.

Ɗalibin Jami'a, Madina:
Game da dokar da za ta kare su, ga inda aka kwana. A watan Oktoba na 2024 reshen Turai na ƙungiyar 'yan wasa ta FIFPRO da ƙungiyar gasannin lig na Turai sun kai ƙarar FIFA gaban Hukumar Tarayyar Turai, suna cewa ita ce mai tsara jadawalin wasanni kuma ita ce mai sayar da gasanninta, don haka tana fifita aljihunta. A watan Yuli na 2025 FIFA ta sanar a New York cewa an amince da sa'a 72 tsakanin wasanni da hutun kwana 21 a ƙarshen kaka, sai dai ba a gayyaci FIFPRO zaman ba. Abin da FIFPRO ke nema shi ne hutun kwana 28, sannan wasu kwana 28 na atisayen share fage kafin a fara gasa. Yaya Mai Gyaran Firji, idan ka haɗa su 56 ke nan, kwana 46 ɗin da ka ƙirga wa Al Hilal ba su kai ba, duk da haka sai da aka ci ta tara saboda janyewar.

Direba, Jidda:
Sa'a 72 ɗin nan na gan ta da idona. Ina cikin filin Jauhara ranar 3 ga Mayu na 2025 da Al Ahli ta ci Kawasaki Frontale 2-0 ta ɗauki kofin Zakarun Asiya. Japanawan nan sun buga da Al Sadd har ƙarin lokaci ranar 27 ga Afrilu, suka fitar da Al Nasr ranar 30, suka zo wasan ƙarshe bayan kwana uku, Al Ahli kuwa tana gida kuma ta fi su hutun kwana ɗaya. Ni ɗan Ahli ne, na yi murna har na zubar da hawaye, kuma ina ganin mun fi su ko da sun huta. Amma ina kusa da gefen fili, na ga yadda suke dafa gwiwa suna haki duk lokacin da ƙwallo ta fita. Ga Kofin Asiya na 2027 da Kofin Duniya na 2034 suna tafe ƙasar nan. Hukuma ta hana mu aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, amma a Kofin Duniya na Ƙungiyoyi a Amurka an sa 'yan ƙwallo wasa da tsakar rana a watan Yuni saboda lokacin ya dace da masu kallo a Turai.

Mai Shagon Atamfa, Makka:
Likita, ni ban ce komai ba tun ɗazu, amma maganar ta zo kan ɗana. Shekararsa 15, yana buga wa makaranta, yana buga wa ƙungiyar unguwa, idan azumi ya zo kuma kusan kowane dare yana gasar bayan tarawihi har ƙarfe biyu. Kwanan nan yana ƙorafin ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, amma ba ya yarda ya zauna. Me zan yi?

Mai Gashin Ƙashi, Riyad:
Alhaji, ka kai shi a duba gwiwar da hannu, domin ba a yanke hukunci daga nesa. A shekarunsa ƙashi yana saurin tsawo, wurin da jijiyar ƙoƙon gwiwa ta kama ƙashin ƙwauri bai gama ƙwari ba, yawan gudu da tsalle kan sa ya kumbura, kuma galibi rage wasa ne maganinsa. Kafin ku je, ka zaɓa masa ƙungiya ɗaya ya bar ɗaya, kada ya buga cikakken wasa kwana biyu a jere, ya sami aƙalla yini guda a mako da ba zai taɓa ƙwallo ba, ya kuma riƙa barcin sa'a takwas zuwa tara. Idan ciwon ya lafa, akwai motsa jikin da ake durƙusawa wani ya riƙe maka dugadugai, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali kana tare kanka da tsokar bayan cinya. Bincike ya nuna yana rage raunin wannan tsoka da kusan rabi, kuma ba ya bukatar komai sai tabarma. Ka yi magana da kocinsa da kanka, kada ka bar wa yaron, domin ba zai iya faɗa masa ba.

Malam Mai Gyaran Firji, kai ma kafaɗar nan ina so in san ko tana tashe ka da dare idan ka kwanta a kanta, da kuma ko kana iya ɗaga hannun sama da kai ba tare da ya maƙale a tsakiya ba. Ka turo mini amsa ta akwatin sirri bayan sallar isha'i.